Mu Shuka Gamba a Gindin Jerin Duwatsu

Ƴan'uwa manoma na Deule da sauran ƙauyukan Buza, Keita da Madawa, darasinmu na yau a kan gamba ne. Kowa ya san ta, gama da ita ake saƙa zana, da ita ake rufin rumbu. Amma a wurare da yawa na ƙasar Adar ta yi ƙaranci. Fari ya kashe wani sashe, dabbobi sun cinye wani, mu kuma mun tuge saura don mu faɗaɗa gona. Yau mutum sai ya je kasuwa da kuɗinsa kafin ya kewaye gidansa.

Gamba ba irin ciyawar da ke mutuwa kowace shekara ba ce. In an shuka ta sau ɗaya, tana yin shekaru a wurin. Ganye ya bushe da rani, amma gindi yana raye. Sirrin yana cikin saiwa. Akwai ƙananan saiwoyi da suke bazuwa kusa da sama, su ne ke shan yayyafin farko. Akwai masu kauri, inda take ajiye abincinta. Akwai kuma masu nutsewa ƙasa neman laima. Shi ya sa take toho da wuri, tun sauran ciyayi ba su fito ba.

Waɗannan saiwoyi ne muke bukata. Ƙasarmu ta duwatsu ce da gangara. In ruwa ya sauka a kan dutse, sai ya gangaro da ƙarfi, ya kwashe ƙasa mai kyau da taki, ya bar mana fako. Tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 kuma aka soma babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon ƙasar Italiya, inda mata da yawa suka ɗauki duwatsu a ka. Jerin duwatsu yana rage gudun ruwa. Sai dai bayan ƴan shekaru yashi yakan binne shi, ko dabbobi su watsa shi. Gamba kuwa, in yashi ya taru a gindinta, ƙara tsawo take yi. Dutse da gamba in sun haɗu, aikin ya fi daɗewa.

Hanyar shuka iri biyu ce. Ta farko ita ce tsaga gindi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai ƙaramar gona. A bari sai damina ta zauna, wajen watan Yuli zuwa farkon Agusta. A sami tsohon gindi mai ƙarfi, a haƙe gefe ɗaya, kada a tuge shi duka. A tsaga abin da aka haƙo ƙanana, kowane da saiwarsa da kara 3 ko 4. A rage ganyen, a dasa a ranar, da maraice. Tsakanin gindi da gindi a bar kamu ɗaya, a bi layin duwatsu. A taka ƙasar da ƙafa ta kama.

Ta biyu ita ce iri. Ana tara shi da kaka, lokacin da kan ciyawar ya yi fari kamar auduga. A shanya shi, a ajiye a buhu inda babu laima. Irin ba shi da nauyi, iska tana ɗaukarsa, saboda haka a cuɗa shi da jiƙaƙƙen yashi kafin a zuba. Kada a binne shi da zurfi kamar hatsi. Ƙasa kaɗan ta isa.

Shekarar farko ita ce mai wuya. Tsiron yana da rauni, ciyawa tana danne shi, awaki kuma suna sonsa. A nome masa, a sa ƙaya. In maƙwabta ba su yi shawara a kan sakin dabbobi ba, wahalar mutum ɗaya ta tashi a banza.

Daga shekara ta 2 sai a fara mora. Ɗanyen ganye abinci ne mai kyau ga shanu da tumaki. In ta tsufa ta yi kara, amfaninta ga dabba ya ragu, amma lokacin ne ta isa zana. Mai son harawa ya yanka da wuri, mai son zana ya jira kaka. Kowane dai ya bar tsawon taƙi ɗaya a sama da ƙasa, don gindin ya sake toho.

Wani abin mamaki: an kai gamba Barazil da Kolombiya don kiwon shanu. A Ostareliya har da sunanta na Hausa ake kiranta, amma can ta bazu fiye da kima, tana haddasa gobarar daji mai tsanani. Mu ma mu kula da wuta. Kada a jingine dammunan gamba kusa da murhu ko rumbu. Maciji kuma yana son inuwar gindinta. Mai yanka ya sa takalmi, ya fara bugun ciyawar da sanda. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse. A ɗauke shi, a kai shi likita nan da nan.