Darasin Lambu: Ayyukan Farkon Hunturu

Hazo ya fara sauka a Gombe, leɓe ya fara tsagewa. Ga masu lambun haɗin gwiwa na unguwa, wannan sanyin shi ne jarinmu, kuma ba ya daɗewa. Tumatirin da aka dasa a Nuwamba ko farkon Disamba yakan yi 'ya'ya cikin sanyi. Wanda aka bari sai Fabrairu kuwa, zafin Maris da Afrilu zai zubar masa da fure, a yi ta ban ruwa a banza, sannan a koma sayen kayan miya da tsada. Manoman Kwadon da Dadin Kowa sun san haka, shi ya sa tun kafin a gama girbi suke zuba irin raino.

Na farko, a san mai son sanyi. Latas, kabeji, karas, albasa, tafarnuwa da tumatir, yanzu ne lokacinsu. Kuɓewa da alayyafo sun fi son ɗumi, idan suka yi nawa yanzu kada a zargi iri. Zogale ma in ya rage ganye, bai mutu ba.

Na biyu, ba kowane iri ake dasawa ba. Tumatir yakan yi sati uku zuwa huɗu a wurin raino, albasa sati shida zuwa takwas. Karas kuwa a inda zai zauna ake shuka shi, don in an tumɓuke shi saiwar takan karkace ko ta rabu biyu. A yi dashe da yamma, a bi shi da ruwa nan take.

Na uku, a tare iska. Buji daga arewa maso gabas yake busowa, sai a kafa zana ko shingen kara ta wannan ɓangaren. A rufe fangali da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Duk mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya san amfanin wannan. Ruwan alwala ma a tara shi a kai wa shuka, amma ban da ruwan wanki mai omo.

Na huɗu, taki sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa.

Sai karatun tsirrai, musamman ga yara. Shuka ma tana da dangi. Tumatir, attaruhu, tattasai da gauta 'yan gida ɗaya ne, cutarsu kusan ɗaya ce, saboda haka ba a maimaita su a fangali guda. Inda tumatir ya zauna bara, bana a sa albasa ko wake. A koya wa yaro ya riƙa duba ganye: in ya ga farin tabo kamar an kankare cikinsa, ya faɗa wa manya, don haka tsutsar sharon take farawa, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. A tsinke ganyen a binne.

Aikin wannan satin: kowane gida ya turo yaro ɗaya, a nuna masa tsiron karas da na ciyawa har ya bambance su kafin a ba shi aikin cira. Allah Ya sa albarka.