Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa motar dizal karkarwa da mutuwa?

Tambayar ta fito daga wani mai sauraro a Agadez, direban Land Cruiser mai shiga sahara. Ya ce injinsa na karkarwa idan mota tana tsaye, wani lokaci ya mutu. Mene ne dalili?

Injin dizal ba ya aiki da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mata mai, ya kama. Saboda haka bincike daga hanyar mai yake farawa.

Na farko filtar mai. Man da aka saya a jarka kan zo da ruwa da datti, su toshe filta. A kwance maɓallin da ke gindinta, a tara abin da ya zubo a kwalba. Ruwa ya fi mai nauyi, za a gan shi kwance a ƙasa.

Sai iska a hanyar mai, wadda ta fi wahalar da makanikai, domin sau da yawa ba a ganin yoyo. A danna ɗan famfon da ke kan filta har ya yi tauri. In injin ya daidaita sannan ya koma karkarwa, to mai yiwuwa wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska.

Filtar iska kuwa, ƙurar sahara ce ke cika ta, alamarta baƙin hayaƙi.

In duk waɗannan lafiya suke, saura nozul da famfon injekta. Wannan aikin gwani ne mai na'urar gwaji, musamman a sababbin injuna, inda ƙarfin feshin mai ke iya huda fatar mutum.