DARASI: MASARAR TELA DA ABINCIN SHANUNMU

A zamanmu na Sabangali an yi ta tambaya a kan sabuwar masarar Nijeriya. Tunda shanunmu na ƙetare Kusuri da Gamboru zuwa Maiduguri, a can kuma muke sayen dusa, wajibi ne mu san abin.

Na farko, asalinta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ce ta fito da irin, ana ce masa TELA. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, domin tsutsar da ke cin kara da ganye ta mutu in ta ci. Yana kuma jure fari.

Na biyu, izni. Hukumar NBMA ta duba shi ta amince a 2021, gwamnati ta sake shi ga manoma a Janairun 2024, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. A Amurka tun 1996 ake noma masara mai kashe tsutsa, shanu na ci.

Na uku, kada mu haɗa ta da masarar da ke jure maganin ciyawa, wannan daban ce. To amma feshi ya yawaita a gonaki ko'ina, nan ne haɗarin yake. Kafin a saki garke a gona, ko a sayi kara, a tambayi manomi yaushe ya yi feshi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.