Yadda ake kai tirelar kaya daga Kano zuwa Kankiya da Kusada

Wanda bai taɓa ɗauko tirelar taki ko ta siminti ba yakan ɗauka magana ce ta kuɗin mota kawai: ka biya direba, ka koma shago ka jira. Ba haka abin yake ba. Daga Kano zuwa Kankiya tafiya ce da ƙaramar mota ke gamawa kafin hantsi ya dubi ludayi, amma babbar mota tana iya kwana biyu a kanta idan takarda ɗaya ta ɓace ko aka shiga gari a lokacin da bai dace ba.

Kafin ka yi cinikin mota, ka nemi ganin takardunta da idonka. Ɗan kamasho zai ce maka, "Alhaji, komai ya ji," domin shi lada yake nema. Kar ka tsaya a nan. Ka duba lasin motar, da takardar shaidar lafiyarta wadda jami'an VIO ke bayarwa, da inshora. Tun watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga inshorar manyan motocin dakon kaya zuwa naira 100,000 a shekara. Sannan lasin direban kansa: mai jan tirela lasin rukunin G yake buƙata, ba na mai tuƙa bas ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda direbobi ke kira Rod Sefti, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 2017, kuma a ƙa'idarta tirela ba ta wuce kilomita 60 a awa ko da a tagwayen hanya ne. Tukunyar kashe gobara, safaya mai iska, jak da alamar tsayawa mai kusurwa uku, duk a gan su a cikin motar.

Sai lodi, kuma nan ne kwaɗayi ke shigowa. Buhun siminti ko na taki kilo 50 ne, buhu 600 ya zama tan 30 ke nan, wato abin da aka saba kira tirela guda. Mai kaya yakan so a ɗora 900 don ya rage kuɗin mota, direba ma yakan yarda don a ƙara masa na aljihu. Ƙa'idar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 2012 ta ce kada gatari guda na mota ya ɗauki fiye da tan 11.5. Ni dai ko ba a kafa sikeli a hanya ba, ban ga ribar buhu 300 ɗin nan ba, domin taya ɗaya ta fashe a bayan Bichi ta cinye abin da ka tsimi, ta haɗa da kwanan daji. A auna tsayin lodin kuma bayan an ɗaure tamfol, musamman idan kayan masu tudu ne irin katifa ko tankunan roba.

Takardar kaya, wadda ake ce wa webil, a rubuta ta dalla-dalla: irin kayan, adadin buhu, lambar mota, sunan mai karɓa da garin da za a sauke. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne a hanyar Katsina. Titin ya zarce har Jibiya, bakin iyakar Nijar, don haka jami'an kwastam na sa ido a kan duk motar hatsi da ta fuskanci arewa, balle tun farkon 2024 da aka tsare motocin abinci da dama da ake zargin waje za su. Wanda ya ɗauko masara a Dawanau, webil ɗinsa ya nuna Kankiya ƙarara tare da rasit ɗin kasuwa, ya rage wa kansa dogon bayani. Kuɗin ƙungiya, na NARTO ko na NURTW, a tashar lodi ake biya, a karɓi rasit a haɗa da sauran.

Fita daga Kano ya danganta da inda aka yi lodin. Idan Dawanau ne, ka huta, domin kana bakin hanyar Katsina. Idan kuwa Singa ne ko Ƙofar Ruwa, kana tsakiyar gari, a hannun KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci da aka kafa a 2012 zamanin Kwankwaso. Ita ke sanar da lokacin da babbar mota za ta shiga wuraren kasuwa, da gadojin da ba za ta hau ko ta bi ƙarƙashinsu ba, kuma sanarwar takan sauya. Shi ya sa gogaggen direba ba ya dogara da abin da ya sani bara. Yakan tambayi shugabannin tashar a ranar. Galibi ana lodi da yamma, a kwana a wurin, a tayar da mota bayan sallar asuba kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi.

Hanyar kanta ba ta da ɓata: Dawanau, Bichi, Tsanyawa, sai ka faɗa jihar Katsina ta Gidan Mutum Ɗaya a ƙaramar hukumar Kusada, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu. A kauce wa ranar da kasuwar Badume da ke kan hanyar ke ci idan da hali. Da ka shiga jihar Katsina KAROTA ta ƙare, KASSAROTA ta karɓa, takwararta ta Katsina da aka kafa zamanin Gwamna Masari. Masu tare hanya da katako mai ƙusoshi suna neman kuɗin sitika kuwa, dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a kan titi don karɓar haraji. Sanin haka yana da amfani, amma ba a gardama da mutum alhali motarka na tsaye a tsakiyar titi. A nemi rasit mai hatimi, a adana.

Izinin da aka fi mantawa da shi shi ne na wurin tsayawa. Babban titin ya ratsa Kankiya, kuma tirela mai buhu 600 sai ta shafe awanni ana sauke ta. Kwana ɗaya kafin isowarta ka ga sarkin tasha da shugaban 'yan dako, ku yanke kuɗin buhu, ka san inda motar za ta kauce daga kwalta, ka biya na saukale a sashen haraji na ƙaramar hukuma. Na taɓa sakaci da wannan. Mota ta iso da azahar, 'yan dako duk suna wani sito, karen mota ya sa weji ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta ya yi barcinsa. Muna nan har magariba, direba ya ce sai an biya shi kuɗin kwana, ni kuma ba ni da bakin musu.

Kayan Kusada da ƙauyukanta lissafinsu daban ne, musamman da damina, lokacin da ake rububin taki. Da zarar an bar kwalta aka hau burji, tirela mai tan 30 ta zama abin tsoro: ƙaramin kwalbati ba don ita aka yi shi ba, kuma idan ta kafe a laka sai an sauke rabin kayan kafin a ja ta. Abin da masu harkar ke yi shi ne su sauke a sito a Kankiya ko a Gidan Mutum Ɗaya, su rarraba a ƙananan motocin da ake kira kanta, buhu ɗari ko ƙasa da haka. Kowace kanta a ba ta tata 'yar takarda mai adadin buhu, mai karɓa ya ƙirga a gaban direba ya sa hannu. Sai adadin ya yi daidai da na webil ake cika wa mai tirela ragowar kuɗinsa.