Yadda Ake Taimaka wa Yaron da Ke Yawan Kuskure a Lissafin Kaso

A Gozaki da ƙauyukan ƙaramar hukumar Ƙafur, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, gidaje da dama sun saba da koyar da yara boko a zaure ko a tsakar gida. Wasu sun fara ne a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sannan aka sake rufe wasu bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na shekarar. Wasu kuma nisan makaranta ne ko ƙarancin malamai ya sa uwa, ko uba, ko yaya ya ɗauki alli. Tarawa da ɗebewa kan tafi lafiya lau. Amma da an iso lissafin kaso, wato rabi da sulusi da uku bisa huɗu da danginsu, sai yaron da ake yabo ya koma kullum cikin kuskure. Mai koyarwa ya fara ɗaga murya, yaro ya fara ɓuya in an shimfiɗa tabarma.

Kuskuren nan ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma ganganci ba. Shekara da shekaru ana gaya wa yaro cewa 8 ta fi 4, kuma gaskiya aka gaya masa. Yau rana tsaka an ce masa 1/8 bai kai 1/4 ba. Dokar da ta yi masa rana jiya ce yake ɗorawa inda ba ta aiki. Aikinku shi ne ku gano wace doka ce ta ɓatar da shi, ku mai da shi ga abin da zai iya rabawa da hannunsa.

Kayan da za a tanada

Karan dawa miƙaƙƙu guda shida, wuƙa wadda babba zai riƙe, rula, kwanon tiya da na rabin tiya, ƙwayar masara 24, da ƙaramin littafi da za a ware don rubuta kurakurai.

Mataki na 1: A saurari yaro kafin a gyara masa

Manomi in ya ga masararsa ta yi ɗorawa ba ya rufe ido ya zuba taki. Sai ya duba ko wuta-wuta ce, ko ruwa ne ya kwanta, ko takin ne ya gaza. Haka za ku yi. Ku ba yaro tambayoyi biyar kacal, kada ku sa masa baki. In ya gama, ku zaɓi ɗaya da ya faɗi ku ce, "Ɗana, nuna mini yadda ka bi ka samo wannan." In ya ce, "Inna, na tara na sama, na tara na ƙasa," to kun gane inda gizo ke saƙa. Ku rubuta kuskuren a littafin nan yadda ya yi shi. Cikin mako guda za ku ga cewa kurakuran da kuke gani birjik ba su wuce iri biyu ko uku ba, maimaita kansu kawai suke yi.

Mataki na 2: A ajiye alƙalami, a koma ga rabo

Ku ba shi kara guda ku ce ya raba wa mutum biyu. In ɗaya ya fi tsawo, ku tambaye shi, "Wanne za ka ba ƙanwarka? Za ta yarda?" Nan zai gane sharaɗin farko: in rabo bai zo daidai ba, ba a kiransa rabi. Yara da yawa kan zana da'ira su tsaga ta gida huɗu barkatai su kira kowane gida ɗaya bisa huɗu, don ba wanda ya taɓa tsayawa da su a kan wannan sharaɗi.

Sharaɗi na biyu shi ne a riƙa tambaya: rabin me? Rabin tiya daban, rabin buhu daban. Rabin buhun taki mai kilo 50 kilo 25 ne, rabin naira 1,000 kuwa naira 500. Ku saba masa da faɗin abin da aka raba kafin ya faɗi kason.

Mataki na 3: A yanka karan awo

Wannan shi ne kayan aikin da za ku fi mora. Ku yanka karan shida, kowanne santimita 24. Ku bar na farko yadda yake. Na biyu ku raba shi gida biyu, santimita 12 kowanne. Na uku gida uku, 8-8. Na huɗu gida huɗu, 6-6. Na biyar gida shida, 4-4. Na shida gida takwas, 3-3. Ku jera su a kan tabarma, wani ƙarƙashin wani.

Yanzu ku ce ya ɗauko gutsure ɗaya daga layin gida huɗu, ɗaya daga layin gida takwas, ya gwada su. Gani ya kori ji. Da idonsa zai ga cewa yawan masu rabo shi ke ƙaranta kaso. Sai a lokacin za ku rubuta 1/4 da 1/8, ku bayyana masa: lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba, lambar sama tana faɗin gida nawa aka ɗauka. Yaron da ke juya lambobi, yana rubuta 4/3 a madadin 3/4, ku sa shi ya fara rubuta ta ƙasa, domin sai an raba ake ɗauka.

Mataki na 4: A nemo ilimin da ya riga ya samu a makarantar allo

Duk yaron da ya yi nisa a allo ya san Alƙur'ani izu 60 ne, kuma kowane izu sumuni takwas ne. Ya san sumuni biyu rubu'i ne, sumuni huɗu rabin izu ne. Ke nan ya daɗe da sanin cewa 2/8 daidai yake da 1/4, kuma 4/8 daidai yake da 1/2. Rubuta su da lamba ne kawai bai taɓa yi ba. Ku tambaye shi, "In ka haddace sumuni shida, rubu'i nawa ke nan?" Zai ce uku. Ku rubuta 6/8 = 3/4, ya tabbatar da karansa.

Daga nan ne za a shiga taƙaita kaso. Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya raba lambar sama ya manta da ta ƙasa, ko ya ɗebe lamba ɗaya daga sama da ƙasa, ya mai da 3/4 ta zama 2/3. Ku sa ya ɗora gutsure uku na santimita 6 kusa da biyu na santimita 8: wannan 18, wancan 16. Ba ɗaya ba ne. Rabawa ko ninkawa da lamba ɗaya sama da ƙasa ne kaɗai ke barin ƙimar kaso yadda take.

Mataki na 5: A ja layi a ƙasa

Ku ja dogon layi a tsakar gida, ku sa 0 a farko, 1 a tsakiya, 2 a ƙarshe. Ku kira kaso, shi kuma ya je ya tsaya inda yake ganin mazauninsa: 1/2, 1/8, 7/8, 3/2. Wannan wasa yana koya masa cewa kaso lamba ce guda mai wurin zamanta, ba lambobi biyu da aka ɗora wa juna ba. Tambayar da za ku riƙa yi ita ce: ya fi kusa da sifili, ko da rabi, ko da ɗaya?

Kada ku raina wannan mataki. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi a Amurka a 1978, an ce ɗalibai 'yan shekara 13 su kintaci amsar 12/13 + 7/8, aka ba su zaɓin 1, 2, 19 da 21. Kashi 24 cikin 100 ne kawai suka zaɓi 2. Mafi yawa sun tafi ga 19 ko 21. Yaron da ya saba tsayawa a kan layi zai ga cewa kowanne daga cikin biyun saura ƙiris ya cika ɗaya, don haka jimlarsu tana dab da biyu.

Mataki na 6: Tarawa da ɗebewa

Nan ne aka fi tuntuɓe. Yaro zai rubuta 1/2 + 1/2 = 2/4. Kada ku ce masa komai. Ku miƙa masa kwanon rabin tiya, ya cika shi da masara sau biyu yana juyewa cikin tiya. Ku ce, "Me ka samu?" Zai ce tiya guda. "To, 2/4 da ka rubuta nawa ne?" Rabi. Da kansa zai ga amsarsa ba ta zauna ba, kuma gyaran da yaro ya yi wa kansa shi ya fi daɗewa a ka.

Ku fara da masu lambar ƙasa iri ɗaya: sumuni uku da sumuni biyu, sumuni biyar ne, sunan gutsuren bai canja ba, yawansa ne ya ƙaru. In wannan ya zauna, ku shiga 1/2 + 1/4, ya musanya rabin da gutsure biyu na gida huɗu, ya samu 3/4. Sannan 1/2 + 1/3: ya jera santimita 12 da 8, ya nemi irin gutsuren da zai auna kowannensu ba saura. Zai tarar na santimita 4 ne, uku a nan biyu a can, wato 5/6. Sai ya yi irin wannan da hannu sau da yawa kafin a koya masa neman lambar ƙasa ta tarayya a takarda.

Mataki na 7: Ninkawa da rabawa

Yaro ya saba cewa ninkawa na ƙara yawa, rabawa na ragewa. Da ƙwayar masara 24 za a warware wannan. Ya ware rabinsu, 12; ya sake ware rabin wannan rabin, 6. Shida kuwa ɗaya bisa huɗu ne na 24. Ke nan 1/2 sau 1/2 yana nufin rabin rabi, dole ya ƙanƙance. A rabawa kuma, ku mai da tambayar ta kasuwa: tiya uku na wake, ana auna wa kowa rabin tiya, mutum nawa za su samu? Shida. Ga ma'anar 3 ÷ 1/2 = 6. Dabarar juya kaso a ninka ta biyo baya, bayan ya fahimci dalilinta.

Mataki na 8: A kai lissafin gona da zaure

Da kaka, ku sa shi ya lissafa zakkar gida. Amfanin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ushuri ake fitarwa, wato 1/10. Wanda aka shayar da wahalar ban-ruwa kuwa rabin ushuri, 1/20. Buhu 30 na masarar damina zakkarsa buhu 3. In na rani ne da injin ban-ruwa, buhu ɗaya da rabi. Ga wanda ya ɗan tasa, ku nuna masa kason gado da ke cikin Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. In mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa na da 1/8, mahaifiyarsa na da 1/6. A dukiyar naira 240,000, wannan 30,000, waccan 40,000, jimla 7/24. Ainihin rabon gado aikin malamai da alƙalai ne, amma yaron da ya yi wannan lissafi ba zai ƙara tambayar amfanin darasin ba.

Mataki na 9: A tsara lokaci, a kiyaye harshe

Minti 20 kullum, bayan La'asar ko da sanyin safiya, ya fi awa biyu a rana guda. Ku ɗauki kuskure ɗaya a mako, kada ku tara masa su. Duk ranar Alhamis ku buɗe littafin kurakurai, ya sake gwada tambayoyin da suka kā da shi a baya, ya soke wadda ya ci da hannunsa. Ku yi bayani da Hausa har sai ya fahimta, sannan ku ba shi sunayen Turanci da zai tarar a littafin makaranta da jarrabawar shiga sakandare, domin wani yaron lissafin ya sani, Turancin tambayar ne ke kā da shi. A ajiye bulala da gori. Yaron da ke tsoro ɓoye aikinsa yake yi, kuskuren da aka ɓoye kuwa ba ya gyaruwa. 'Ya mace ma a zaunar da ita daidai da ɗan'uwanta, ita ce gobe za ta auna, ta sayar, ta karɓi gadonta.

In an yi wata biyu ana bin matakan nan yaro bai motsa ba, ku duba ko haddar sau ce ba ta zauna ba, ko allon ne ba ya gani sosai, ku kuma nemi shawarar gogaggen malamin firamare na kusa.

Wahalar da za ku sha ba ta banza ba ce. Binciken da Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, kan ɗaliban Amurka da Birtaniya, ya nuna cewa sanin kaso da rabawa a firamare yana haska yadda yaro zai yi a lissafin sakandare, ko da an yi la'akari da ƙarfin gidansu da ilimin iyayensa. Don haka iyaye da yayye, kada ku yi gaggawar wuce wannan babi don a ce an gama littafi. Ku tsaya a kansa har ya zauna, ku yi haƙuri da yaranku, Allah Ya sa musu albarka a karatunsu.