Amsoshin Tambayoyinku: Rabon Kuɗi a Tsarin Tarayya

Wani mai sauraro daga Gusau yana neman bayani kan rabon ikon kuɗi a tsarin tarayya, da dalilin yawan jayayya a kansa a Najeriya.

Tsarin tarayya shi ne wanda kundin tsarin mulki ya raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, kowane ɓangare da huruminsa. Rabon ikon kuɗi kuwa shi ne fayyace wanda zai karɓi haraji da wanda zai kashe shi. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Wallace Oates, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa hukumar da ta fi kusa da jama'a ta fi sanin buƙatunsu, don haka ayyuka kamar makarantun firamare da ruwan sha sun fi dacewa da ita.

Wannan ra'ayi yana ƙarfi ne idan hukumar tana tara harajinta da kanta, domin wanda ya biya daga aljihunsa shi ke tambayar inda kuɗin ya tafi. A Najeriya kuwa jihohi da yawa sun dogara ne kan asusun tarayya, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, bayan an ware kashi 13 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma hukunci ne da ya dace, amma amfaninsa ba zai kai ga talaka ba sai an tilasta musu bayyana yadda suka kashe kuɗin.