Shin Tarihi Yana da Doka Irin ta Damina?

Wani mai sauraro daga Nima, a birnin Accra, ya aiko yana tambaya: shin ana iya nazarin tarihi kamar yadda ake nazarin ruwan sama da taurari?

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Ɓangare guda, irin su Auguste Comte na Faransa, suna ganin rayuwar al'umma tana bin dokoki tabbatattu kamar sauran halitta. A wurinsu, duk inda hanyar fatauci ta bi, zango zai tsiro, ko a Kumasi ko a Accra.

Wilhelm Dilthey na Jamus, a littafinsa na 1883, ya ƙi yarda. Ya ce ayyukan mutane sai an shiga zamaninsu da niyyarsu kafin a fahimce su.

Labarin zangunan Ghana ya fi ba Dilthey gaskiya. Cinikin goro ne ya tara Hausawa a Salaga, wannan ba musu. Amma yaƙin basasar 1892, rikicin sarauta tsakanin 'yan gida ɗaya na Gonja, shi ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da garuruwan kudu. Wace doka ce za ta hango shi? Alhaji Umar, haifaffen Kano, ya ga abin da idonsa, ya koma Kete-Krachi, ya rubuta labarin, can kuma ya rasu a 1934. Jami'ar Ghana da ke Legon tana ajiye da kwafen wasu rubuce-rubucensa.